Yadda Ake Tukunyar Kaka: Taushe da Tuwon Shinkafa Ranar Asabar, Ɗumame Ranar Lahadi

Ruwa ya ɗauke. Dammunan gero suna ta shigowa gari a kan amalanke, kabewa ta yi tsibi-tsibi a bakin titi tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, sabuwar gyaɗa ta iso da ƙasarta a jiki. Wannan ɗan tsakanin, daga watan Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, shi ne lokacin da amfanin gona ya fi araha a Katsina, kuma lokacin da sanyin safiya ya fara sa jiki neman abinci mai nauyi. Shawarata ga gidan da ke son hutun ƙarshen mako na gaske ita ce a sha wahala sau ɗaya. Ranar Asabar a tuƙa tuwon da zai kwana, a yi miyar taushe babbar tukunya guda, ranar Lahadi kuwa kada kowa ya ɗora sanwa kafin la'asar. Awon da zan bayar na gidan mutum takwas ne, manya da yara, ci biyu, har da rabon baƙon da bai ce zai zo ba.

Daren Juma'a

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun daren Juma'a ake gama aikin gyaɗa. Ki auni ɓararriyar gyaɗa gwangwanin madara 3, ki baza a faranti inda akwai haske, ki tsince. Wadda ta yamushe, wadda ta yi baƙi, wadda ta yi fumfuna, duk ki zubar, kada ki ce asara. Gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin wata fumfuna mai fitar da gubar da likitoci ke kira aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ko ba don wannan ba, ƙwaya biyu masu ɗaci sun isa su ɓata miki tukunya.

Ki soya ta sama-sama a busasshen kasko da wuta kaɗan, kina juyawa, minti 8 zuwa 10, har ɓawon ya fara saki in kin murza. Ba suyar gyaɗar ci ake so ba. In ta yi ja sosai miya za ta yi duhu, ta ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli. Ki bar ta ta huce, ki murje, ki bakace a faifai, sannan ki daka a turmi ko ki niƙa a blanda har ta yi laushi. Ki sa a mazubi mai murfi, ki ɗora can saman kwaba inda hannun yara ba ya kai wa, ba inda kike zaton ba ya kai wa ba.

Akwai wani aiki na daren nan da ba na kicin ba. Kaka lokacin biki ne, manomi ya sayar da amfani, kowa na aurar da 'ya'ya, katin gayyata sai shigowa yake ta WhatsApp. Ki zauna da maigida ku zaɓi ɗaya, wanda rashin zuwansa zai jawo magana a dangi. Sauran a buga waya a yi Allah ya sanya alheri. Wadda ta ce sai ta taka kowane biki a kaka, da bashin anko za ta shiga hunturu.

Cefanen safiyar Asabar

Maigida, nan naka ne. Ka fita da wuri, ko 'Yar Kutungu ko babbar kasuwa, kafin rana ta yi wa ganye duka. Kasuwannin Charanci da Mai'aduwa ranar Lahadi suke ci, don haka in kana son shinkafa ko gyaɗar can, sayayyar makon da ya wuce ce.

Fara da kabewa, domin ita ce miyar. Ka ɗaga ka ji nauyinta ya fi girmanta. Ɓawon ya yi tauri yadda farce ba zai shige shi da sauƙi ba, hancinta ya bushe. In yankakkiya ce ka dubi tsokar: wadda ta yi ja-ja ruwan lemo ita ce mai gari da zaƙi, mai fari-fari ruwa ne kawai, za ta narke ta bar miya salam. Wannan jan launi ne jiki ke mayarwa sinadarin bitamin A, mai amfani ga ido, kuma sai da maiƙo yake shiga jiki sosai, ka ga gyaɗa da man da ake sa wa taushe ba banza ba ne. Kamar kilo 2 ya isa, wato rabin matsakaiciya.

Nama kilo ɗaya da rabi, na rago ko na sa, amma mai ƙashi: ƙirji, wuya, ɗan guringuntsi, da ƙashin ɓargo ko guda biyu. Tsoka zalla ba ta ba da romo. Sai dai ka tsaya a kan mahauci, don in ka ce "a sa ƙashi" ka juya kana gaisawa da wani, ƙashin za ka kai gida. Yadda ake faɗa masa shi ne: "Sarkin fawa, a sa mani ƙashi, amma a tuna mutane za su ci."

Shinkafa tiya guda, kuma ka ce ta tuwo, farar nan 'yar gida mai gajeren ƙwaya da ba a turara ba. Wadda aka turara, irin ta dafa-duka, ko kwana za a yi ana tuƙa ta ba za ta haɗe ba. Sai tumatir 8, tattasai 6, attaruhu 4, albasa manya 3, albasa mai lawashi ɗauri guda, alayyahu ɗauri 3, yakuwa ƙaramin ɗauri ɗaya, daddawa ƙulli 3, citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa. Tumatir bai sauko ba tukuna a wannan lokaci, sai na noman rani ya fito, saboda haka in ya yi tsada ka rage shi ka ƙara tattasai, ko busasshe ne. Taushe ba miyar dage-dage ba ce, ba ta dogara da tumatir ba. Kada ka dawo ba man shanu. Ka buɗe kwalbar ka shinshina. Mai kyau ƙamshin nono yake yi, ba ƙarni ba.

In an rubuta maka takarda ka bi takarda. Uwargida ba ta aike ka sayen agwagwa ba, ko da an yi maka ragi.

Rabon aiki

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma sai an san abin da kowane hannu zai taɓa. 'Yan mata su ɗauki gyaran ganye da jajjage. Samari su fere kabewa, domin ɓawonta na son ƙarfi, su kuma kawo ruwa da itace ko gawayi. Ƙananan yara a ba su tsintar tsakuwa a shinkafa. Rabin aikin za ki sake, amma kin sami awa guda ba wanda ya ja miki zane. 'Ya'yan kabewa kada a zubar, a wanke a shanya, in sun bushe a soya da ɗan gishiri.

Tsohuwar gida kuwa a shimfiɗa mata tabarma a inuwa inda take hango tukunya. Ba za ta taɓa komai ba, amma za ta gyara komai, kuma ita ce rediyon gidan. Da jikanta ya gifta da hannu a baki za ki ji ta:

"Maigida, yau ma ba ka ba da kuɗin cefane ba, ga ka a bakin tukunya."

"Ai na sake ki tun jiya, Inna. Yarinya zan auro."

"Ka auro, mu ga wadda za ta zauna da mai wando ɗaya."

In ta ce gishiri bai ji ba alhali ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ki ce "To, Inna," ki kaɗa hannu a kan tukunya kamar kin ƙara. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Miyar

Ki fara da misalin ƙarfe goma na safe in ana son a ci bayan azahar. Ki wanke nama ki zuba a tukunyar da za ta ɗauki miyar gaba ɗaya. Ki yanka albasa ɗaya a kai, ki sa dakakkiyar citta cokali ɗaya, tafarnuwa, masoro kaɗan, kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar, gishiri, da daddawar da kika daka. Kada ki zuba ruwa tukuna. Ki rufe a wuta kaɗan minti 10, naman zai fitar da ruwan jikinsa ya sha kayan ƙamshi. Bayan nan ki zuba ruwa ya sha kansa da kamar yatsa uku, ki bar shi ya yi ta dahuwa. Tun farko ake sa daddawa, domin warinta ya tafi ɗanɗanonta ya zauna. Wadda aka jefa a ƙarshe ita ce ke bin mutum har masallaci.

Bayan rabin awa ki jera yankakkiyar kabewa a saman naman, manyan yanka, ki rufe. Wasu daban suke dafa ta a ruwa su tsiyaye, ni kuwa ban ga dalilin zubar da zaƙinta a kwata ba. Minti 20 ya ishe ta. In cokali ya shige ba gardama, ki tsame ta a kwano ki burge da maburgi ko ki danne da bayan ludayi. Kada ki mai da ita ruwa sarai, ki bar 'yan gudaji, don mai ci ya san kabewa ya ci.

Tana dahuwa ke kuma kina suyar kayan miya a wata tukunya. Jajjage ya fi markaɗe a nan: tumatir, tattasai, attaruhu da sauran albasa, a daka su ba su yi laushi can ba. Ki sa mai ludayin miya 2. Manja na ba da launi, man gyaɗa na ba da ƙamshi, ni rabi da rabi nake yi. Ki soya kina juyawa minti 15 zuwa 20, har ruwan ya ƙone, launin ya ƙara duhu, mai ya taso a gefe. Wannan suyar ce ke kashe tsamin tumatir. Masu gaggawa kan jefa kanwa, amma kanwa in ta yi yawa tana dusashe launi ta kuma sa miya santsi, ga shi dama tsamin yakuwa ake nema daga baya, to me ya kawo kanwa?

Yanzu ki juye soyayyen kayan miya da damammiyar kabewa a cikin tukunyar nama, ki gauraya, ki sa dunƙulen ɗanɗano gwargwadon yadda gidanki ya saba, ki bari su tafasa tare minti 10.

Sai gyaɗa, kuma nan ne miyar mutane da yawa ke lalacewa. Kada ki zuba garin kai tsaye, zai yi ƙulalai. Ki ɗebi romo mai ɗumi ludayi uku ki dama ta a kwano har ta saki, sannan ki tsiyaya a tukunya kina juyawa. Ki rage wuta sosai. In itace ne ki janye biyu, in gawayi ne ki kwashe rabi. Gyaɗa a miya kamar sabuwar amarya ce, ba a barin ta ita kaɗai a ɗaki. Duk minti biyu ko uku ki kai ludayi har gindin tukunya ki juya, domin nauyi gare ta, ƙasa take sauka ta kama. Wannan ba lokacin amsa waya ba ne, ko yayarki ce ta kira daga Funtuwa da labarin kishiya. Bayan kamar minti 15 za ki ga miyar ta yi kauri, tana tafasa a hankali fut, fut, ɗigon mai ja yana tasowa a sama, ƙarnin ɗanyar gyaɗa ya ɓace. To ta dahu.

Ganye ne ƙarshe. Alayyahu da ruwan gishiri ake wanke shi, sau biyu ko uku, kafin a yanka, saboda ƙasa da tsutsa, kuma in an yanka kafin a wanke amfaninsa na bin ruwa. Yakuwa ki ɗan tauna ganye ɗaya ki ji ƙarfinta. Ta kaka ta manyanta, tsaminta ya fi na ta damina, don haka in ta kama miki haƙori ki zuba mata tafasasshen ruwa ki tsiyaye kafin ki sa. Dalilin da ba a sa ta da wuri shi ne tsami na hana kayan miya yin laushi. Ki zuba yakuwa, bayan minti biyu alayyahu, sannan lawashi. Kada ki rufe tukunyar ruf, ganyen zai yi baƙi. Minti 5, ki ɗanɗana gishiri, ki sauke.

In an sami matsala, yawanci tana da magani. Ta yi kauri da yawa, ki ƙara tafasasshen ruwa, ba mai sanyi ba, kuma ki tuna gobe za ta ƙara kauri. Gishiri ko yaji ya zarce, ki dafa ragowar kabewa ki dama ki ƙara. In kuwa kin ji ƙauri, ki ajiye ludayi, kada ki kankare. Ki juye ta sama a wata tukunya, ki bar ta ƙasan, ki kuma yi shiru da bakinki. Inna kaɗai za ta gane.

Tuwon

Ki jiƙa shinkafa tun lokacin da kika ɗora nama. Jiƙon awa guda na rage mata lokacin wuta. Kafin nan ki ɗebi gwangwani 2 daga ciki, busasshiya, a niƙo miki gari, ki ajiye a gefe. Awo ɗaya na shinkafa, awo uku na ruwa. Sabuwar shinkafar kaka ba ta kai tsohuwa shan ruwa ba, saboda haka ki fara da ƙasa da haka, ki ajiye ruwan zafi a kusa. Ruwa ya tafasa ki zuba, ki rufe, ki bar ta ta wuce dahuwar ci, ta yi luguf, yadda in kin matsa ƙwaya tsakanin yatsu ba za ki ji tsakiya ba. Wajen minti 40 ke nan. Ba a sa gishiri.

Ki rage wuta ki kama muciya. Tuwon tiya guda ba wasa ba ne, a sa wani ya riƙe miki tukunya da tsumma, ko ki danne ta da ƙafa in a murhu ne. Ki riƙa jawo shinkafar kina murƙushe ta a jikin tukunya, daga gefe zuwa tsakiya, har ƙwayoyin su ɓace. In ya yi ruwa ki barbaɗa garin nan kaɗan-kaɗan kina tuƙawa. In ya yi tauri ki yayyafa ruwan zafi. Sannan ki rufe ya sulala minti 10 a wuta 'yar kaɗan, don garin da kika ƙara ya dahu, ki sake tuƙawa karo na biyu. Tuƙin nan na biyu ne ke kawo danƙo da sheƙi, kuma shi ne wanda ake yawan tsallakewa saboda hannu ya gaji. Maigidan da ya ce tuwo ba aiki ba ne, a miƙa masa muciya a daidai nan.

Ki tsoma mara a ruwa ki kwasa, ki malmala a jiƙaƙƙen ƙoƙo, ki jera a kwano. Naɗe tuwo mai tururi a farar leda ya zama yayi, amma ni ƙoƙo da kwanon tuwo sun fi kwanta mani, balle na kwana. Tun a nan ki ware rabi na gobe, ki kai ɗaki. Abin da ido ya gani a tsakar gida ba ya kwana.

Abin taɓawa kafin a sauke

Yunwa ba ta jiran tuwo, kuma yaro mai yunwa ya fi hayaƙi hana aiki. Ki dafa sabuwar gyaɗa da ɓawonta a ruwan gishiri minti 30 zuwa 40, ko gurjiya, wadda ta fi ta daɗewa a wuta. Rake ma ya fito, sai dai a ba su tsintsiya tare da shi. Masu cin fara su aika a sayo soyayya da yaji, marasa ci su kau da kai, kada a yi wa juna wa'azi.

Abin sha kuwa zoɓo, wanda furen yakuwar nan ce da kika sa a miya, wanda kuma ake lodinsa daga Katsina da Jigawa har ƙasar Meziko. Ki ɗauraye gwangwani 2, ki tafasa da lita 3 na ruwa da citta da kanumfari minti 15, ki tace, ya huce ki sa sukari daidai misali. Bayan miya mai gyaɗa da man shanu, ɗan tsaminsa ne ke wanke baki.

Zaman ci

Ki soya man shanu da 'yar albasa har ya yi ƙamshi, ki kawo shi da zafinsa tare da dakakken yaji. Kafin kowa ya sa hannu a fitar da ciyayya: kwanon maƙwabta, na almajirin gida, na Gwaggo in tana kusa. In maƙwabcinku Banufe ne a cika masa kwano har ya yi tozo, a ce wa yaro ya ce ga abincin bawa inji ubangidansa. Amsar da zai aiko da ita ta fi tuwon daɗi.

Baƙo zai zo. Ƙamshin taushe na tsallake katanga uku, kuma akwai abokin maigida da ba ya tuna zumunci sai tsakanin azahar da la'asar. A yi masa maraba, dama da rabonsa aka auna. Sai dai a tuna kirarin garin nan, ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Bakatsine in ya ce "Alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan abinci," ba a lissafa ta farko. A sake tayi, a kuma sakewa. A na uku zai ce "To bari in taɓa don albarka," ya tashi da malmala biyu.

Doka ɗaya ce a kan tabarma: ba maganar bashi, ba siyasa, ba tambayar yarinya yaushe za ta fito da miji, ba tambayar saurayi sakamakon jarrabawa. Waɗannan duk suna iya jira har a wanke hannu, yawancinsu ma in an ƙoshi sai a ga ba su kai a tayar ba. Taubasai su yi ta tsiyarsu, wannan halal ne.

Kafin a kwanta

Ɗumamen gobe a daren nan ake samunsa ko a rasa shi. Kada a bar tuwon shinkafa cikin kula da ɗuminsa har safe. Shinkafa na ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta da dafuwa ba ta gamawa da su, ɗumi-ɗumin nan kuma shi suke so su hayayyafa, dafin da suke saki ma ɗumamawa ba ta karya shi. Ki fito da malmalar tun da rana ki jera a faranti ta huce da wuri, in akwai wuta ki sa a firji, in babu ki rufa da faifai a wuri mafi sanyi da iska a gidan. Miya kuwa, da yake mai gyaɗa ce, saurin tsami gare ta. Bayan kowa ya gama ki tafasa ta sosai, ki sauke, kada a sake tsoma cokali, ki ɗan karkata murfin har ta huce. Da safe in tuwo ya yi yauƙi ko miya ta yi kumfa ta canza wari, a haƙura da su. A kuma saki gidan sauro, domin ɗaukewar ruwa ba ta sallami sauro ba tukuna.

Lahadi

Bayan sallar asuba a koma. Wannan ma mataki ne, kada a tsallake shi.

Wajen ƙarfe takwas, kafin 'yan Islamiyya su fita, ki ɗora miya a wuta kaɗan da rabin kofin ruwa, ki juya har ta tafasa ko'ina. Za ki tarar ta fi jiya daɗi, daddawa da gyaɗa da yakuwa sun kwana sun saba da juna. Wajen tuwo mutane sun kasu biyu, kuma ba a taɓa sasanta su ba. Kashi na farko sukan yanka malmala gida huɗu, su jera a madambaci ko a tukunya mai ɗan ruwa a ƙasa, su rufe ya turara minti 15 har zafi ya ratsa tsakiya, a ci da miya a gefe kamar sabo. Kashi na biyu, inda nake, mukan zuba miya ludayi uku da ɗan ruwa a tukunya, mu jera yankan tuwo a ciki, mu rufe a wuta kaɗan har miyar ta ratsa shi, gindin ya ɗan kama. A kwashe, a kwarara man shanu, a barbaɗa yaji, a ci a hantsi da shayi ko kunu. Naman da ya rage a raba shi a gaban kowa, in ba haka ba shari'ar za ta kai azahar.

Daga nan ba sauran aiki. Mai barci ya yi, mai kitso ta yi, maigida ya tafi majalisa ya ba da labarin yadda ya zaɓo kabewa. In rana ta yi sanyi kuma jiki ya yi nauyi, a kwashi yara a taka zuwa Gobarau, su ɗaga kai su ga hasumiyar ƙasa mai tsawon kusan mita 15 da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, su tambayi abin da ba ka da amsarsa. Abincin dare fura ce da nono, a aika a sayo.

Saura ƙanzo. Tukunyar tuwon jiya da kika bari ba ki jiƙa ba, yanzu ya bushe ya fara ɗagowa da kansa. Ki ɓamɓare da cokali, ki ware wanda ya ƙone ƙurmus, ki shanya sauran a faifai kwana biyu. Ranar da ba kya jin girki sai ki jiƙa shi ya yi laushi, ki kwaɗa da garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir da ɗan man gyaɗa. Tukunyar miya kuma a zuba mata ruwa da toka ta jiƙu. Wankinta na wanda ya fi kowa neman ƙari ne, kuma duk gidan an san ko wane ne.